Buba, Ka Zo Ka Faɗa a Ƙofar Masallacinmu

Zuwa ga ƙanena Buba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. 'Yata Hajara ce take rubuta mini. Na ce kada ta gyara mini magana, ta sa a inda mutanenka za su gani, tunda wayata ba ka ɗauka.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da magana ɗaya. Ranar da ka turo magina da buhunan siminti su daɓe tsakar gidan Inna, na tsaya a zaure na mayar da su, ka bugo waya ka ce, "Hamma, taurin kai da rashin karatu ne ke damunka." Ban manta ba. Ni ba alherinka na ƙi ba. Cewa na yi ƙasa tana shan ruwa kamar yadda kake sha, in an toshe mata baki, ruwan zai fita neman abin da zai ci. Ka yi dariya, ka kashe waya.

To, ga Tudun Wada yau. Kowa ya daɓe gidansa, masu hali sun shimfiɗa intalok har bakin titi. In an yi ruwa, ba ya samun inda zai zauna. Daga kwano zuwa siminti, daga siminti zuwa lungu, sai ya haɗu ya gangaro da gudu cikin kwarin da ke bayan gidanmu. Kwarin nan da muke tsallakewa da ƙafa muna yara, yanzu in raƙumi ya faɗa ba za ka hango tozonsa ba. Bara taku goma sha ɗaya ne tsakaninsa da bangon ɗakin Inna. Jiya na auna, bakwai.

Ga ruwa yana cin gidaje, ga mutane suna bin 'yan ga-ruwa da jarka. Rijiyoyin layinmu duk sun ƙafe. Tamu ce kaɗai ke kaiwa bazara, ita ma sai an ƙara igiya. Waɗanda ke kirana tsoho mai gardama, matansu ne ke sallama da bokiti, su tafi da ɗan zogale da yakuwa daga ƙasar da suka ce ƙazanta ce.

Makon jiya ina zaune a shagon Isa tela, sai na ji muryarka a rediyo. Suna ta ce maka farfesa. Ka ce ƙasa tana da ƙananan ƙofofi kamar soso, a nan ruwa da iska ke zama, daga nan saiwa ke sha, daga nan rijiya ke cika. Ka ce in an danne ta ko an rufe ta, sai ambaliya da fari su zo tare. Isa ya tsayar da kekensa, ya dube ni. Ni dai na tashi na tafi gida.

Ka tuna mahaifinmu Baffa a gona? Zai dunƙula ƙasa a hannu, ya danna da babban yatsa. In ta wargaje a hankali, sai ya ce tana da rai. Zai zuba ruwan buta ya tsaya yana kallon yadda take shanyewa. Kana kan wuyana lokacin, kana kuka a sauke ka ka tono tana. Ni na koya maka dunƙula ƙasa, Buba. Hannunka bai ma iya rufewa a kanta ba.

Na gaji. Buhunan yashin da nake jerawa a bakin kwari, bayana ya daina ɗauka. Ciyawar jema da na dasa don ta riƙe ƙasa ta kama, amma ba za ta iya ita kaɗai ba. Yanzu kuma 'yan unguwa sun yanke shawarar daɓe lungunmu kafin damina, ɗan wurin da ya rage ruwa ke nutsewa. Na miƙe a taro zan yi magana, aka ce, "Baba, ka huta." Mai takarda suke ji, ni kuwa ba ni da ita. Kai kana da ita.

Ba haƙuri nake so ka ba ni ba, na yafe tun tuni, ko da yake ban manta ba. Ɗakin da aka haife ka nake ji.

Allah ya jiƙan Inna da Baffa, ya raya maka zuri'a, ya sa kada mu ga bangon nan a cikin kwari da idonmu.

Ka zo ranar Juma'a, ka tsaya a ƙofar masallacinmu, ka faɗi abin da ka faɗa a rediyo, da Hausa, a gabansu. In kuwa kuskure nake yi shekara goma sha ɗaya, ka zo ka gaya mini a fuskata, ni da kaina zan kwaɓa simintin. Amma ka amsa mini, Buba. Gabas ta fara haɗa hadari.

Yayanka,
Hamma Sale