Kogin da Ya Ci Anselmo

Zuwa ga Yaya Refugio, a Taos,

Gaisuwa mai yawa daga sansanin masu zana taswira. Ina yara? Yaya ƙafar Inna? Ya ƙarin haƙuri?

Ni lafiya lau nake. Sanyi ya ci mini yatsun ƙafa biyu, amma ina takawa. Kada Inna ta ji.

Yaya, raina a ɓace yake. Ranar da ruwa ya tafi da mijinki Anselmo yana ƙoƙarin ceto alfadarin da ke ɗauke da kayan awo, shugabanmu Kyaftin Whitlow ya cire hula ya rantse zai sa wa kogin sunansa. Jiya aka shimfiɗa taswirar. Na ce wa mai zanen, "Nuna mini Anselmo." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kogin Adelaide aka rubuta." Budurwar Kyaftin ke nan, wadda ko ƙafarta ba ta taɓa jiƙewa a ruwan ba!

Na tunkari Kyaftin. Wai sunan bai dace da taswirar gwamnati ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, amma mai sunan ya dace da ƙasan kogi?" Sai ya hana ni abinci.

Ki aiko mini da safa da barkono. Mu masu alfadarai mun haɗa baki: duk matafiyin da ya tambaye mu hanya, Kogin Anselmo za mu ce masa. Ki gaya wa yara haka.

Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari.

Ƙaninki,
Casimiro