Sai-an-cika

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da na taɓa samu da tsakar rana,

Ina yi miki sallama irin ta wanda ya san ba lallai ne a amsa masa ba. Ina fata kina lafiya, ke da yayarki da yaranta. Ni kam lafiyar jiki ce kaɗai ta rage mini, ita ma na rasa abin da zan yi da ita.

Kin san aikina, ba sai na yi masa kwalliya ba. Ni ne wanda ake zaunarwa a cikin mota a tasha, da jaka a cinya, don fasinja ya leƙo ya ga kamar an kusa cika, ya shigo. Da mutanen gaske sun samu, sai Kawu, ɗan kamashon layinmu, ya buga rufin mota in sauko. Tun ina sabon tashi nake wannan zama, har 'yan tasha suka manta sunana suka koma kirana Sai-an-cika. Babu garin da ban shiga motarsa ba, kuma babu ranar da na wuce ƙofar tasha.

Kin tuna ranar da kika fara zama kusa da ni, za ki je duba Yaya? Kika tambaye ni ina na nufa, na gyara murya na ce ƙarshen layi, harkar kasuwanci. Jakata ta danne miki ƙafa, kika ɗaga ta da yatsa biyu, kika ji tsummoki ne a ciki, kika ce lallai wannan kasuwanci bai yi nauyi ba. Da Kawu ya buga mota na sauko ina sosa ƙeya, kika yi ta dariya har kuka fita daga tasha. Ya ke ruwan farko na damina, wa ya gaya miki haka ake shiga zuciyar mutum? Na sha dariyar mutane a rayuwata, taki ce kaɗai na yi addu'a ta dawo.

Ta kuwa dawo. Ke kaɗai na taɓa gaya wa abin da ke cina. Na nuna miki Baba, tsohon da ya riga ni wannan aiki, yana gyangyaɗi a kujerar baya baki buɗe, na ce miki duk lokacin da na dube shi kaina nake gani. Ina tsoron in tsufa a kujerar da ba ta zuwa ko'ina. Amma ban gaya miki ina tsoron hanya fiye da haka ba.

Da kika samu aikin jinya a garin su Yaya, ba ki nemi komai a wurina ba sai abu ɗaya. Kika ce, "Ranar da zan tafi, ka zauna kusa da ni kamar kullum. In an buga mota, kada ka motsa." Na zubar da tsummoki na sa kayan gaske, Inna ta sa mini albarka, Kawu ma ya ce Allah ya tsare hanya. Mota ta cika. Kawu ya buga rufi, yana nufin direba ya ja. Ƙafafuna kuwa suka ji umarnin da suka saba ji. Wallahi ban san na tashi ba, sai ganina na yi a ƙasa da jaka a hannu, wani mai sauri ya shige kujerata. Da na buɗe baki na ce wurina ne, da an sauke shi. Ban buɗe ba. Ran nan ba ki yi dariya ba, ko waiwayowa ba ki yi ba.

Damina ta zo ta wuce, wayarki tana ta kuka da kirana ba ki ɗauka. Sai Baba ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Washegarin jana'iza aka ajiye jakarsa a kujerar baya don a ga kamar da mai wuri, jakar kuwa ta yi aikin daidai wa daida. Babu fasinjan da ya ga bambanci. Na tsaya ina kallonta har idona ya kawo ruwa, kuma ba Baba kaɗai nake yi wa kukan ba.

Da gari ya sake wayewa na shiga motar garin su Yaya, na riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu kamar mai jiran a cire masa haƙori. Aka buga rufi, na runtse ido. Masoyiyata, ashe ƙofar tasha ba ta cizo! Ashe abin da ya ɗaure ni tun ƙuruciya, ɗan zama ne na numfashi biyu. Me ya sa ban san haka ba lokacin da kafaɗarki ke jikin tawa?

Yaya ta karɓe ni a bakin ƙofa, ta ba ni ruwa, ba ta ce in shigo ba. Ta gaya mini wani abokin aikinki ya fito, manya sun shiga maganar. Ta ce kin ce ba ki riƙe ni a rai ba, amma ba za ki miƙa rayuwarki ga mutumin da ba ki san inda zai sauka ba. Na juya na tafi, domin gaskiyarki ce.

Na zaga garin nan neman aiki har takalmina ya buɗe baki. Kowa sai ya tambayi abin da na iya. Ƙarshe na faɗa tasharku, ɗan kamashon ya dube ni sama da ƙasa ya ce ina da fuskar matafiyi. Yi dariya in kina so, tauraruwata, na ba ki izini. Na koma zaman mota, a layin garinmu kuma.

Kowace motar da na zauna a ciki yanzu gida za ta kai ni, wurin Inna, da ɗakina, da mutanen da suka san ni. Ba abin da zan yi sai in ƙi motsi, kuma yanzu na iya. Amma da an buga rufi nake saukowa, da hankalina, da sanina, domin a garin nan kike shaƙar iska. Ban ce ki fasa abin da manya suka fara ba, na san ban kai ba. Ban ma sa ran amsa. Abin da nake roƙo, wata rana in kin taso daga aiki, ki tsaya daga nesa ki ga yadda nake sauka. Ina so ki san a ƙarshe na zaɓi wurin zama da kaina, ko da ranar da za a ɗauke ki zuwa gidan miji ina tsaye a bakin titi ina kallo.

Naki har numfashi ya ƙare,
wanda ya iso a makare.