Ni Ce Na Taɓa Kwamfuta Ta Shida

Zuwa ga Shugabar Makarantarmu, Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, da fatan kina lafiya tare da malamanmu.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Mamana: ni ce na taɓa kwamfuta ta shida, wadda saboda ita aka rufe ɗakin kwamfuta sati biyu ke nan. A gaban mutane muryata ba ta fita, shi ya sa na rubuta na manna a allon sanarwa.

1. Kukana. An raba ma'ajiyar kowace kwamfuta gida huɗu: ɗaya na na'urar kanta, sauran na manyan azuzuwa. Mu 'yan aji ɗaya an ce babu wuri, mu ajiye aikinmu a fuskar allo. Duk Juma'a ana sharewa. Sau uku ina buga labarin kakata yana ɓacewa.

2. Mamana tana soya awara kusa da shagon Anti Rifkatu mai gyaran kwamfuta a Barnawa. Anti Rifkatu ce ta nuna mini cewa tsohon tsarin rabo, MBR, manyan gidaje huɗu kawai yake ɗauka. Sabon, GPT, yana ɗaukar fiye da yawan azuzuwanmu, kuma yana ajiye kwafin taswirar rabon a ƙarshen ma'ajiya, ko ta farko ta lalace. Abokin tafiyarsa UEFI ne, sabuwar hanyar tayar da kwamfuta.

3. Ranar sharata a ɗakin kwamfuta na kwashe aikin kowa a filashi, sannan na sauya ta shida zuwa sabon tsarin. Hajiya, da na kunna ta, kafin in gyara hijabina ta tashi. Na buɗe wa ajinmu gida na rubuta sunansa. Har na isa gida a Unguwar Mu'azu ina dariya ni kaɗai a keke.

4. Ba zan ɓoye aibin sabon tsarin ba. Tsofaffin kwamfutoci biyun da ke bakin taga ba su san UEFI ba, a bar su yadda suke. Tsohon filashin Malam Yohanna, malamin kwamfuta, ba ya tayar da ta shida yanzu, shi ya sa ya zaci ta lalace. Kuma duk wanda ya sauya ba tare da ya kwashe aiki ba, zai iya asarar komai. Ban nemi izini ba, wannan laifina ne.

Roƙona a buɗe ɗakin, don 'yan aji uku suna da jarrabawa. A kunna ta shida a gabanki. In ta gamsar da ke, a ba kowane aji gidansa.

Allah Ya ƙara miki lafiya da haƙuri da mu. Ranar Litinin kafin taron safe zan tsaya a ƙofar ofishinki in karɓi hukuncina. Na riga na goge kayan makarantata.

Wassalam.

Ɗalibarki,
Nusaiba, aji ɗaya