Baƙin Layi a Gefe Uku na Hotonka

Zuwa ga Yaya Sanusi, duk inda kake.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga yayanta, Inna ma tana gaishe ka. Ba ta san ina wannan rubutu ba, amma da ta sani, abin da za ta fara cewa ke nan.

Tun ranar da ka hau motar albasa daga Aliero za ka kudu, ba mu sake jin ɗuriyarka ba. Direban ya ce a Maiyama ka sauka da kyamararka, ya jira har ya gaji. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa.

A wannan zangon karatu an ba mu aikin haɗa mujalla a makaranta, kowa tasa. Na zaɓi manoman albasa na Danwarai, saboda hotunansu suna cikin kwamfutar da ka bari. Kai da kake cewa ko tabarma ban iya shimfiɗawa daidai ba, yau ni ce ke daidaita shafi.

Malamarmu ta koya mana ƙa'idoji. A bar wa shafi fili ya sha iska. Mutumin da ke cikin hoto ya dubi cikin shafi, kada ya dubi waje. Baƙin layi kuwa, idan ya kewaye hoton mutum, na mamaci ne.

A shafin ƙarshe ake sa hoton wanda ya ɗauki hotuna. Ka ɗauki rabin mutanen Jega, amma naka ɗaya tak na samu: kana tsaye a kasuwa, ka waiga kamar wani ya kira sunanka. Wajen shafi kake kallo, sai na juya hoton. Inna ta leƙo ta ce, "Wanga ba ɗana ba na." Ashe tabon goshinka ya koma dama. Na mayar da shi yadda yake.

Da rana tsaka na kai bugun gwaji wani shago a Jega. Takarda ta fito da ɗuminta, ga siririn baƙin layi a gefe uku na hotonka. Ban sa shi ba, Yaya. Na buɗe kwamfuta, babu shi. Mai shagon ya rantse bai taɓa komai ba, ya canza takarda, ya sake bugawa. Na gwada wani injin a Aliero, haka ya fito. Sauran hotuna lafiya lau. Gefen da kake kallo shi kaɗai ya rage a buɗe.

Har yau ba na iya barin takardar nan a buɗe a ɗaki.

Malama ta duba ta ce layi mai gefe uku ba ya cikin ƙa'ida: ko in rufe shi in rubuta marigayi, ko in cire hoton. Ranar Litinin za mu miƙa aiki.

Kawu ya daɗe yana cewa a tara mutane a yi maka addu'a a raba sadaka. Amsar Inna ɗaya ce: "Ban ga gawa ba. Shina nan tahe." In na ja layin nan, ni ce ta farko a gidanmu da ta faɗa, kuma da tawada. In na cire hoton, kamar na ƙara ɓatar da kai ne. Ina jin tsoro, kuma ina kewarka, har haushinka nake ji wani lokaci.

Haka zan miƙa shi, Malama ta rage makin da za ta rage. Hannuna ba zai rufe maka wannan gefen ba.

Na iya addu'ar matafiyi, na iya ta mamaci. Bayan kowace salla nakan ɗaga hannu in rasa wadda zan fara. Allah ya san wadda ta dace da kai, ya karɓa mini ita.

Ƙanwarka,
Rukayya