Wa Ke Goge Mini Gyara?

Litinin, 15 ga Yuli, 2024

Alhaji Sadiq, mai kamfaninmu, ya ce ya gaji da ganinmu muna bin sabobi, wato manyan kwamfutocinmu, ɗaya bayan ɗaya muna saita su da hannu. Su ke riƙe da shafukan sakamakon jarrabawar makarantu, ga zango ya zo ƙarshe. Wai in zaɓo manhaja guda da za ta riƙa saita su duka. Suzana, abokiyar aikina, ta ce Ansible, don ba ta motsi sai ka tura ta. Ni na karkata ga Puppet, don sunanta na fi ji. Wallahi ban gane bambancinsu ba.

Laraba, 17 ga Yuli

Na ɗora Puppet a kan saba guda don gwaji. Aka ɗauke wuta, na fita cin masa.

Alhamis, 18 ga Yuli

Shafin wata makaranta a unguwar Kongo ya ƙi buɗewa. Na gyara da hannu. Ina dawowa daga azahar, gyaran ya ɓace! Na sake, ya sake ɓacewa. Ikon Allah. Aljanu ne ko me?

Juma'a, 19 ga Yuli

Shugabar makarantar ta kira tana ta faɗa, Alhaji ya juyo kaina. Ni da Suzana kaɗai ke da kalmar sirrin sabobin, sai bakina ya suɓuce: "Sai dai a tambayi Suzana." Ta kalle ni. "Ni, Kailani?" Alhaji ya canza kalmar sirrin, ya ce ta zauna a gida har a bincika. Ita ke riƙe da mahaifiyarta fa.

Asabar, 20 ga Yuli

Ba ta nan, gyaran ya sake ɓacewa. Kaina ya kulle.

Litinin, 22 ga Yuli

Ashe Puppet ce, na manta da ita sam a kan sabar gwajin, wadda kuma ita ke riƙe da shafin makarantar. Aikinta ke nan: ta leƙo lokaci-lokaci, ta mayar da komai yadda aka rubuta mata. Ni ne kuma na rubuta mata. Kunya kamar in nutse. Da na faɗa wa Alhaji, ya ce in je gidansu a Tudun Jukun da ƙafata in dawo da Suzana.

Talata, 23 ga Yuli

Ta dawo. "Ina kwana, Malam Kailani." Tun da muka fara aiki tare ba ta taɓa saka mini Malam ba.

Na shaida wa Alhaji Ansible za mu ɗauka. Ba don wani ba, ta fi sauƙi ne kawai. Ina jin haka ne dai. Na ajiye wa Suzana masa a kan teburinta, na faɗa mata zaɓin.

"Duk wadda ka ga dama, Malam," in ji ta.

Har muka tashi masar tana nan.