Hadiyya Ba Za Ta Zo Damagaram Ba

Zuwa ga Yaya Tabawa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ƙafar taki ta yi sauƙi. Mu nan Yamai lafiya lau, sai rasuwa ɗaya da nake sanar da ke cikin jimami: kofin shayi na ƙarshe cikin waɗanda kika kawo mini daga Makka ya riga mu gidan gaskiya. A hannun 'yata Hadiyya ya cika, kamar 'yan'uwansa.

Kin san halin 'yar taki. Shekara tara, maɓallin riga na gagararta, tana karo da ƙofar da ke buɗe. Madam ɗinsu ta lakwal ta ɗaga rubutunta gaban aji, ta ce kaza ce ta bi ta kai. Maƙwabta sun ce sammu ne. Malam ya ba da rubutun sha, ta zubar kafin ya kai baki. Ni kuwa, da duk littattafan da na karanta a ofishinmu na Plateau lokacin aiki, na yanke cewa sakarci ne, na ce ki karɓe ta riƙo, daka da ɗiban ruwa su gyara ta.

Uwarta Bilkisu ta kai ta asibiti ba da sanina ba. Likita ya ce kanta ya san abin da take so, saƙon ne ke isa hannu a karkace, kuma ba duka ke gyara wannan ba, sai motsa hannu a hankali da haƙuri. Na ce haƙuri kam ba sai an je asibiti ba.

Shekaranjiya na sami Hadiyya bayan ɗaki da kwano cike da ruwa, tana kai da kawowa, zanenta sharkaf, ta ciji leɓe har ya fashe. Ashe tun da ta ji zancen tafiya take wannan. Ta dube ni ta ce, "Baba, in na daina zubarwa, za ka bar ni nan?"

Saboda haka kada ki aiko ɗanki Mansur ɗaukarta. Na san za ki ce na kunyata ki, kin riga kin gyara mata shimfiɗa. Ki ce.

Ki gaida Malam Issoufou da Salima da yara. Bilkisu na gaishe ki. Ni ne dai ba ta kulawa, kuma da gaskiyarta. Yarinyar ba sakarai ba ce. Ni ne ban gane ba.

Ƙanenki,
Yahaya