Hular Farautar Purvis

Marianna, Arkansas
Satumba

Zuwa ga Saja Marvelle, jikata wadda tun kafin bam ya taɓa kunnenta ba ta jin magana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin kiyayewar Ubangiji. Mu nan lafiya, sai gwiwa, ita ma tana gaishe ki.

Na koma biro tunda waya ta gagare mu. Ina ihu, kina cewa "me?", maƙwabta suna kwasar sirrinmu. Kada ki duba rubutun, biron coci ne, rawa yake yi.

Takardun makarantun zanen nan biyu da kika ba su adireshina sun iso, kuma na buɗe, domin akwatina ne. Ɗaya littafi ne guda mai sheƙi, tuta a kowane shafi, ga wani soja yana dariya da haƙoran da ban taɓa ganin irinsu a bakin sojan da ya dawo ba. Sun rubuta cewa su gidan tsofaffin sojoji ne. Ɗayar kuwa fallen takarda ce, ko tuta babu, kamar takardar wutar lantarki.

Marvelle, kin ce tallafin karatun da gwamnati take bai wa tsofaffin sojoji yana da wa'adi, in ba ki shiga baɗi ba naki ya tafi. Kunnenki kika biya kuɗin nan da shi. Shekara nawa kina kantin fenti kina gauraya wa mutane launin banɗaki, alhali zanen hannuwana da kika yi yana sa matan coci yin shiru? Matan cocinmu fa, waɗanda ko a jana'iza ba sa shiru.

Ki zaɓi ɗaya mu je mu gani. Ni zan zama kunnenki. Purvis ɗan kawunki zai ja mu, tunda ba ya aikin komai sai jiran lokacin farautar barewa.

Kakarki,
Ozella

*

Little Rock
Oktoba

Kaka,

Na gaishe ki. Na gai da gwiwa.

Ƙaramar makarantar na riga na je. Malamin ya dubi zanen hannuwanki ya daɗe, abin da ya tambaye ni kawai shi ne ta wane kunne zai tsaya. Na so wurin. Amma ba su da yarjejeniya da gwamnati ta cike ragowar kuɗin, ragowar kuwa ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Don haka a bar maganarta.

Saura mai tuta. Su komai zai biyu, har da ɗaki. Sun gayyaci tsofaffin sojoji masu neman shiga ranar Asabar ta ƙarshen wata, a zaga da mu, a kai mu kallon ƙwallo. Purvis ya ja motar. Kin san ni da doguwar hanya, ko leda na gani a gefen titi nakan zaci bam ne, hannuna ya kauce da motar da kansa. Ki ce masa ya yi wanka.

Biron coci ne da gaske?

Marvelle

*

Marianna
Nuwamba

Marvelle, 'yar gidana,

Ina gaishe ki, ko da kin ƙi amsawa. Da muka dawo daga filin ƙwallon, burodin masarar da na ƙunsa miki ma a kujerar mota kika bar shi, Purvis ya cinye. To, na yi alkawarin zama kunnenki, ga abin da kunnen ya jiyo. Rabinsa kin gani, amma ba ki ji ba.

Kin tuna farar matar nan mai baƙar jaka da ta tare mu a ofishin tsofaffin sojoji, wadda ta wuce ki ta kama hannun Purvis da hannu biyu? Ga abin da ta ce masa: "Mun gode da hidimar da ka yi wa ƙasa, ɗana." Don kawai ya sa hular farautarsa mai ɗigo-ɗigo irin ta soja. Purvis! Wanda ko layin karɓar abinci bai taɓa tsayawa daidai ba. Ni kuwa na zuba ido in ji me zai ce. Ya turo tumbi gaba, ya ce, "Ba komai, ranki ya daɗe."

Na ce mata, "Baiwar Allah, sojan ga ta nan, ita ta ja tankar mai a Iraƙi." Ta juyo ta yi miki murmushi, ta ce, "Ai matan sojoji ma suna hidima, mun san ba sauƙi." Ita tana gefenki na dama, ta kunnen da ya mutu, sai na ga kin gyaɗa mata kai kina murmushi kamar yadda kike yi wa kowa in ba ki ji ba.

Sauran kin gani. Baji a ƙirjin Purvis, kofi mai tuta a hannun Purvis. Na tsunkule shi a haƙarƙari, na ce, "Kai ɗan nema, faɗa musu." Ya raɗa mini, "Kaka, an ce akwai naman gashi kyauta a rumfar sojoji, bari mu ci tukuna."

A filin kuwa, da aka yi hutun rabin lokaci, mai lasifika ya ce jarumanmu su sauko tsakiyar fili. Kin yunƙura za ki tashi, na gani. Matar ta dafa kafaɗarki ta ce iyalai su zauna a nan, sun fi ganin komai. Purvis ya sauka cikin sahun maza. Mutane suka miƙe, filin ya ɗauki tafi, wani tsoho kusa da ni har da hawaye. Purvis ya sara wa tuta da hannun hagu, domin na dama yana riƙe da nama.

Sai suka harba igwar.

Ashe al'adarsu ce, duk sanda suka ci, ko za su girmama wani, sai 'yan makaranta su harba wata tsohuwar igwa a bakin fili. Gidan tsofaffin sojoji ke nan. Ba wanda ya ce mana komai. Na juyo ban gan ki ba. Kina ƙarƙashin benci, a cikin ɓawon gyaɗa da lemon da ya zube, hannuwanki a ƙeya, kina kiran sunan wani Delgado kina cewa ya fito daga motar. Ban san Delgado ba, kuma ba zan tambaya ba.

Wata yarinya a bayanmu ta ce wa ƙawarta, "Ta sha ta bugu." Wannan ma ba ki ji ba. Na so in bar shi a cikina, amma kunne ba ya zaɓe. Na juya na faɗa mata maganar da sai da na nemi gafara a kanta ranar Lahadi, kuma ban nema da zuciya ɗaya ba.

Purvis ya zo jiya da kifin tarwaɗa, ya tsaya a baranda yana murza hula. Ya ce, "Kaka, ban san haka abin zai zama ba." Na ce, "Ajiye kifin, Janar, ka tafi." Na soya, ya yi daɗi, ban yafe masa ba.

Duk da haka ki aika musu zanenki. Masu igwa daban, masu koyar da zane daban, watakila.

Kakarki da ke nan tana huci,
Ozella

*

Little Rock
Janairu

Kaka,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau ɗaya, na sa ta a firiza ƙarƙashin kaza, don kada in sake.

Na bi maganarki na aika. Hannuwanki kina ɓare wake, hannuwanki a kan Littafi Mai Tsarki, hannuwanki a ruwan wanke-wanke. Shugaban sashen ya amsa. Ya ce aikin yana da kyau, amma ya ga a takarduna ni tsohuwar soja ce, kuma bai ga yaƙin ba. Ya ce suna da gurbi guda da suka keɓe wa muryar soja, in ƙara zane ɗaya da zai nuna abin da na gani a can, kada in ji tsoron buɗe ciwon.

Kaka, na yi shekaru ina zana hannuwanki ne don kada in zana abin da na gani a can. Delgado ba kayan bango ba ne.

A ofis ba su yarda ni soja ba ce, a sashe ba su yarda ni wani abu ba ce in ba soja ba. Na haƙura. Burushina suna cikin kwalin nan, ki bai wa yaran makarantar Lahadi.

Marvelle

*

Marianna
Janairu

Saja,

Na gaishe ki. Kwalinki ya iso, kuma ga shi ya koma. Wanda ya kawo miki shi da wannan takarda kin san shi, yana tsaye a ƙofarki da hularsa. Kada ki rufe ƙofar, na ce masa in ya dawo ba ki gama da shi ba, ba zai ƙara ganin cikin tukunyata ba.

Na kwana biyu ina ɓare wake ina tunani. Mutanen nan soja suke so. To ai sun riga sun zaɓi nasu da kansu, a gaban jama'a, har da tafi. Mu su wa da za mu yi musu gardama, su da suka yi karatu? Ki zaunar da Janar a kujera, ki sa masa hular, ki maƙala masa bajin, ki zana shi. Sun ce abin da kika gani. Wannan kin gan shi da idonki, ni shaida ce. Kada ki rubuta ƙarya ko ɗaya a ƙasan zanen, ki sa sunansa kawai, mu ga abin da za su karanta.

In kina so idonsa ya yi irin na wanda ya sha wuya, ki hana shi abincin rana. Kafin ƙarfe uku za ki ga baƙin cikin da ba ki taɓa gani ba.

Delgado kuwa ki bar shi inda yake. Wannan naki ne.

Kakarki,
Ozella

*

Little Rock
Maris

Kaka,

Ina gaishe ki. Sun ɗauke ni.

Kwana biyu na yi a kan zanen, cikin fushi. Purvis ya zauna bai motsa ba, ko ruwa bai nema ba. Da na gama ya duba ya ce, "Haka nake?" Ya cire hular ya fita.

Ga abin da shugaban sashen ya rubuto. Wai a idon mutumin nan ana ganin duk abin da yaƙi yake ƙwace wa ɗan Adam. Wai malamai biyu sun yi hawaye. Wai yanzu na sami muryata. Suna neman izini su sa zanen a bangon littafinsu na baɗi, inda sojan nan mai haƙora yake. Hannuwanki ko ambatonsu bai yi ba.

Na rubuta masa gaskiya, na ce ɗan kawuna ne, bai taɓa shiga soja ba, yunwa ce a idonsa. Ya amsa cewa wannan ya ƙara wa aikin zurfi, kuma yana fatan ganin irinsa da yawa.

Na zaci zan yi dariya. Na zauna a ƙasan kicin har shinkafata ta ƙone. Dabararki ta ci, Kaka, ta ci fiye da yadda muka so. In na je, shekara uku zan yi ina zana musu Purvis, ana harba igwa a bayan tagata. In ban je ba, wa'adin ya wuce, in koma launin banɗaki har in tsufa. Suna son amsa kafin ƙarshen wata. Ban san me zan ce ba.

Kuma ba ki amsa mini maganar biro ba. Wasiƙarki ta ƙarshe da ƙyar na karanta ta.

Marvelle

*

Marianna
Maris

Marvelle,

Na gaishe ki. Ki ce musu to.

Ba don sun cancanta ba. Ɗakin da hasken da fentin naki ne, kin biya tun a Iraƙi. Ki karɓa kina harararsu. Litinin zuwa Juma'a ki ba su Janar, ya ce zai zauna ko sau nawa ne, kuma ya daina sa hular in ba a gabanki ba.

Asabar ɗin igwa kuwa ba za ta same ki a garin ba. Purvis zai ɗauko ki tun Juma'a da yamma, ya kawo ki nan. Zan zauna a baranda ta gefen kunnenki mai rai, in ɗora hannuwana a cinya, ki zana abinki.

Ba biron coci ba ne. Hannuna na dama ne ya fara rawa, likita ya ce na hagun zai bi. Ki zo da burushi masu sauri.

Kakarki,
Ozella